Sa Hannun Gwaggo

2 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yayanki da iyalinsa. Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Ni ce gwaggonki, ƙanwar babanki, ta unguwar tudu. Rabona da ganinki tun ranar da aka binne shi, shekara shida ke nan, ranar ma daga nesa na tsaya, ban sani ba ko kin lura da ni. Da waya zan kira, to kunnena ya yi nauyi, sai in yi ta cewa na'am har mutum ya gaji ya kashe.

Ba zan yi kewaye-kewaye ba. Maigidana ya rasu bara. Wata biyu da suka wuce kuma na zame a banɗaki ƙuguna ya goce, na kwanta a kan tayil tun hantsi har la'asar, sai da mai yi mini shara ta zo ta tarar da ni. Yanzu da sanda nake tafiya. Gidan nan bene ne, ɗakin kwana a sama, matakala goma sha shida, ina hawa uku in tsaya in huta. Likita ya ce zaman kaɗaici ya ƙare mini. Maƙwabta sun kawo mini takardun wani gidan tsofaffi, mai kyau ne, har da lambu. Na karanta na ajiye.

'Yata, shekarata saba'in da takwas. Ina so in ƙarasa kwanakina a gidan da aka haife ni, a ƙetaren layin dogo, inda mahaifiyata ta cika. An ce mini ke kaɗai ce a gidan yanzu, kuma ɗakin kusurwa da babanki ya ƙara babu kowa ciki sai kayan aikinsa. Shi nake roƙo. Kayana ba su da yawa, gado ne da akwati biyu da kujera ɗaya. Ba ni da hayaniya, ba kuma zan sa miki ido a harkarki ba.

Na san ban yi zumunci yadda ya kamata ba. Zamani ne ya zo da haka, ke ma kin san yadda garin nan yake a da. Ina fatan za ki duba tsufana.

Ki gaida yayanki. Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki

6 ga Afrilu

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ya hanya, ya motar, ya su Anti da yara? Na san ka kira ni sau huɗu jiya ban ɗaga ba. In na buɗe baki a waya ihu zan yi, shi ya sa na ɗauko biro.

Ga wasiƙar da na samu nan na sa maka a ciki, ka karanta da idonka, kada ka ce Barkono ta ƙara gishiri. Madam ta tuna tana da dangi. Ƙugu ya goce, zumunci ya motsa. Wai zamani ne ya zo da haka. Zamani ne ya sa muke shiga gidanta ta ƙofar kicin a matsayin 'ya'yan kafinta, Baba na kan rufinta yana ce mata Madam, ita tana miƙa masa ruwa a kofin roba da ta ware don ma'aikata. Uwa ɗaya ta haife su fa, Yaya. Don kawai uban da ya haife ta fari ne, mai gidan da Kaka ta yi wa aikatau, ta fito da fata irin tasu, shi ke nan ta tsallaka dogo ta ce ba ta san mu ba.

Wannan duk na haɗiye shi tuntuni. Akwai wanda na ɓoye maka tun bara. Ka san a ofishin filaye an sa mu ɗaukar hoton tsofaffin fayiloli muna zubawa a kwamfuta, unguwa-unguwa, layi-layi. Da aka zo kan tudu ni na roƙi a ba ni layin Madam. Na buɗe fayil ɗin gida mai lamba goma sha huɗu, gidan da Baba ya saya. A ciki akwai takarda ɗaya da ta yi ja don tsufa: mu mazauna layin nan muna roƙon kada a miƙa gidan ga wanda ba irinmu ba, don kare mutuncin unguwa. Mutum ashirin da bakwai suka sa hannu. Na farko, can sama, da shuɗiyar tawada, hannunta ne. Na san rubutun, irinsa ne a wasiƙar da ke hannunka yanzu, ka duba yadda take karkata shi hagu.

Kai ranar da muka je tarewa kana bayan mota riƙe da madubin Umma, ba ka ga abin da na gani ba. Ni ina gaba a kan cinyarta, shekarata tara. A shekarar aka soke dokar da ta hana baƙar fata zama a tudu, likita kuma ya riga ya ce wa Baba in ba a nisanta Umma da ƙurar kamfanin siminti ba, huhunta ba zai kai ko'ina ba. Ba don gayu ya nemi gidan ba. Rabin rufin layin nan shi ya buga shi. Mun je mun ga gidan sau biyu, har na zaɓi ɗakina mai taga wajen bishiya. Muka iso da kaya niƙi-niƙi, dillali na tsaye a bakin get da takarda, mutanen layi kowa a barandarsa ya harɗe hannu. Na ɗaga kai na ga Madam a tagar benenta. Ta ga na gan ta, ta saki labule.

Muka juyo da kayanmu muka sauke inda muka ɗauko su. Shekara uku Umma ta yi tana tari a ɗakin nan da nake rubuta maka wasiƙa, muna share ƙura daga kan gadonta safe da yamma. Shekara arba'in ina cewa tsoro ne ya sa Madam ta saki labulen, har tausayinta nakan ji wani lokaci, wawiya da ni. Ashe ita ce ta buɗe layin masu sa hannu.

Yanzu ɗaki take so. Wallahi tun da na karanta wasiƙar nan nake jin wani daɗi da ban taɓa ji ba, ba kuma zan ɓoye maka ba. Allah ya kawo ta hannuna da ƙafarta, da sandarta.

Ka gaida Anti, ka ce na gode da man zafin, ya yi aiki.

Ƙanwarka,
Barkono

11 ga Afrilu

Barkonon gidanmu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, motar ce dai ta tsufa kamar mai ita, sai an lallaɓa take tashi da safe. Antinki na gaishe ki. Ta ce in gaya miki wasiƙarki har hannu take ƙonawa.

Kin sa ni rubutu, ni da rabona da biro tun jarrabawar tuƙi. To ki yi haƙuri da abin da za ki ji. Maganar sa hannun nan na san ta. Baba ya sani tun a bakin get ɗin, dillalin ya nuna masa takardar, ya ga sunanta a sama, ya naɗe ya miƙa masa abarsa. Ni sai da na yi aure ya gaya mini, wata rana muna gyaran ƙofa. Ya ce kada in gaya miki, don ya san abar da ya haifa. Kuma kin sani bayan abin ya ci gaba da zuwa yana duba mata rufi duk shekara kafin ruwa ya sauka. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce in riƙe masa tsani in daina surutu.

Ba kare ta nake yi ba. Ni ma uwata ce ta mutu. Amma shekara talatin ina kwasar kayan mutane daga gida zuwa gida, na san garin nan ta ƙofofinsa. Doka ta tafi, halin yana nan. Je ki ofishin dillalai gobe, za su dubi fuskarki su ɗauko kundin hotunan gidajen da suka dace da ita, ɗaya kundin na cikin durowa. In baƙar fata ɗaya ya samu ya kutsa wani layi a tudu, kafin wata shida farare uku sun kira ni. Ina ɗauke da firjinsu a gadon bayana suna gaya mini unguwa ta lalace, har su tambaye ni ko ba haka ba. In ce haka ne, ranka ya daɗe, a ina za a ajiye wannan. Mutum ashirin da bakwai suka sa hannu, Barkono. Ashirin da shida sun mutu ko sun ci bulus, 'ya'yansu na zaune lafiya. Tsohuwa ɗaya mai sanda kika samu za ki sauke mata kayan kowa, don ita ce kaɗai ta zo inda hannunki zai kai.

Na je na gan ta shekaranjiya. Ta ƙofar gaba na shiga, ba ta hana ni ba. Ta sauko da katifa falo tana kwana a ƙasa don ta kasa hawa sama. Ta rame. In ta juya gefe, wallahi Baba sak, har yadda take taɓe baki in shayi ya yi zafi. Ban iya daɗewa ba.

Da ina da wuri da na ɗauke ta, kin dai san ɗaki biyu ne da mu, mu bakwai. Ɗakin kusurwa kuwa ɓeraye ne ke haya a ciki ba sa ko gaishe ki. Ki yi tunani, ki kuma riƙa ɗaga waya.

Yayanki

15 ga Afrilu

Zuwa ga Madam,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta iso. Na ji labarin ƙugu, Allah ya sawwaƙe. Ki yi haƙuri da sunan da na kira ki, shi na taso na ji babana yana kiranki da shi, bakina bai saba da ɗayan ba.

Na sa miki kwafin wata takarda a cikin ambulan ɗin nan. Idonki dai na san bai yi nauyi kamar kunnen ba. Ki duba suna na farko. Kin ce zamani ne ya zo da haka. Na juya takardar gaba da baya ban ga inda zamani ya sa hannu ba.

Kin san dalilin da ya sa babana ya nemi gidan nan, don ya gaya miki da bakinsa a ƙofar kicin ɗinki, ina tsaye ina riƙe da akwatin ƙusoshinsa. Ya ce matarsa ba ta iya numfashi. Kika ce Allah sarki. Mahaifiyata ta rasu tana da shekara talatin da tara. Ke ga shi kin kai saba'in da takwas a iska mai kyau, kin ninka ta cif.

Ba ki nemi gafara a wasiƙarki ba, ɗaki kika nema. To ga abin da nake so. Na san ƙungiyar masu gidaje ta layinku tana nan, tana taro ranar Lahadin farko ta kowane wata a zauren makaranta, muna ganin takardunsu a ofis. Ki je taron wata mai kamawa. Ki miƙe tsaye, da sandar ma ya yi. Ki gaya musu kafintan da suka hana shiga gida mai lamba goma sha huɗu yayanki ne, ciki ɗaya. Ki gaya musu uwarki baƙa ce, wanki da guga take yi, a ƙetaren dogo aka yanke miki cibiya. Ki faɗa da ƙarfi yadda na kujerar baya zai ji. Ba na son a ce kin raɗa wa wata ƙawarki a kunne.

Ina so ki ga fuskokinsu. Ina so ki taka daga zauren nan zuwa gidanki mutane na tsaye a baranda sun harɗe hannu, ki ji yadda tafiyar take da tsawo. In kin yi wannan, ki rubuto mini, sai mu yi magana.

Ki huta lafiya.

'Yar kafinta

8 ga Mayu

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Na yi abin da kika ce, ga yadda aka yi, ba ƙari ba ragi.

Mai yi mini shara ce ta raka ni har ƙofar zauren ta koma, don ba a shiga da ma'aikata. Mutum kusan arba'in ne. Shugaban yanzu ɗan shugaban wancan lokacin ne, a gabana ya koyi tafiya. Suka gama maganar kwandunan shara, ya ce ko akwai mai ƙarin bayani. Na miƙe. Na faɗi duk abin da kika lissafa, na ƙara da wanda ba ki sa ni ba, na ce matar yayana ta mutu da ciwon huhu bayan shekara uku, kuma sunana ne na farko a takardar.

Ina jiran abin da na shekara hamsin ina jira. Sai matar likitan haƙori, maƙwabciyata ta dama, wadda ta girme ni da shekara bakwai, ta juyo a kujerarta ta dafa hannuna. Sai da ta maimaita sau biyu kafin na ji. Ta ce, "Haba, ƙawata, zauna kada ki faɗi. Ai mun sani."

Na ce, "Kun san me?"

Ta ce, "Tun ranar da kika tare. Mijinki ne ya gaya wa nawa, kowa a layin ya sani. Ba mu taɓa riƙe ki da shi ba, ke ai daban ce. Shi ya sa ma aka fara kawo miki takardar, don kada a ce ba a yi da ke ba."

Shugaban ya yi gyaran murya ya ce an gode wa Madam da wannan tarihi, abin da ya wuce ya wuce. Suka shiga maganar sare reshen bishiyar da ke taɓa wayar lantarki. Na zauna har aka tashi don ba ni da ƙarfin fita. Babu wanda ya harɗe hannu a baranda. Biyu ma sun rako ni gida, ɗaya na riƙe da jakata.

'Yata, bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekara hamsin ban zauna a rana ba. Duk Asabar sai na rufe ƙofa na miƙar da gashina kafin maigidana ya dawo daga kantin maganinsa. Yana son yara kamar me, na ƙi, na ce masa likita ya hana ni, alhali tsoro nake kada ɗan ya fito da fatar mahaifiyata. Ya sani. Yana kallona ina wannan ƙarya, bai taɓa cewa in huta ba. Ranar takardar, maza uku suka shigo falona, babu suna ko ɗaya a jikinta tukuna, shi ya zaro alƙalami daga aljihunsa ya miƙa mini. Na ɗauka in na ƙi, asirina ya tonu. Ashe babu asirin. Ba ina cewa an tilasta mini ba ne, ba wanda ya riƙe hannuna. Na karanta, na san gidan wa ake nufi, na san matarsa ba ta da lafiya, na sa. Na cuci yayana, na cuci mahaifiyarki, na cuce ku. Ina neman gafararki, abin da ya kamata in fara da shi a wasiƙar farko.

Tun ranar taron ban leƙa ƙofa ba. Kirkinsu ya fi zagi ciwo, jiya har fure aka ajiye mini a baranda. Ba zan iya zama a cikinsu ba kuma. Na kira dillali na sa gidan a kasuwa, na ce masa ina so a sayar wa mutanen ƙetaren dogo in an samu. Ya yi murmushi ya ce za a duba. Kafin kwana uku ya kawo wasu farare mata da miji, ya ce su kaɗai suka taya. Zan fita ƙarshen watan nan.

Kin ce in na yi za mu yi magana. Ina saurarenki.

Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki

12 ga Mayu

Madam,

Gaisuwa. Na karanta wasiƙarki sau uku, na ukun a tsaye.

Na so su tofa miki yawu, ban samu ba. Amma abin da suka yi miki ya fi wanda na tsara, ban da wayon da zan ƙirƙiro irinsa. Na yi dariya a ofis har abokiyar aikina ta tambaye ni ko lafiya. Daga baya na shiga banɗaki na wanke fuska, wannan kuma ba ruwanki.

Kin nemi gafara. Wadda za ta yafe miki tana maƙabartar bayan kamfanin siminti, jere na shida daga ƙofa, ki je ki tambaye ta. Ki tafi da tsumma, sai an goge ƙura ake ganin sunan.

Na ce za mu yi magana, ban ce zan ba ki ɗaki ba. Ga shi mun yi. Ki shirya kayanki, ki ɗora su a mota, ki rasa inda za ki sauke. Mu mun yi, ba mu mutu duka ba. An ce gidan tsofaffin yana da lambu, kuma duk irinku ne a ciki, ba mai ɓata miki mutuncin unguwa.

Kada ki sake rubuto mini.

'Yar kafinta

20 ga Mayu

Barkono,

Sallama. Yau ba wasa a bakina.

Na je ɗaure mata kaya na tarar da wasiƙarki a kan tebur. Ba ita ta nuna mini ba, ni na ɗauka. Na karanta na ji kunya kamar ni na rubuta. Kin sa tsohuwa ta tuɓe a gaban mutane, ta sayar da rufin da ke kanta, sannan kin ce ai ba ki yi alkawari ba. Wannan wayon irin na dillalai ne, a ofishinku kika koyo shi. Umma da kike ta kira, ke kin san ba za ta yi haka ba, ko kare ba ta kora daga inuwa.

Ita ba ta zarge ki ba. Ta ce kin yi daidai, ta ce in kai ta gidan tsofaffin. Na kai ta mu gani. Matar da ke karɓar mutane ta dube ni ta ce direba ya jira a waje. Gwaggo ta ce ba direba ba ne, ɗan yayana ne. Da ƙarfi ta faɗa, irin na kurame, har na cikin lambu suka waiwayo. Matar ta ce to, za ta sake duba ko da sauran gado. Kin ga yanzu ta faɗa ta kasa dainawa, ko mai kawo wasiƙa sai da ta gaya masa.

Ki saurare ni da kyau. Gidan nan na Baba ne, ni da ke muka gada, ban taɓa tayar da maganar ba don ban ga dalili ba. Yau na tayar. Ɗakin kusurwa na cikin rabona. Ranar Asabar da safe zan zo da ita da gadonta da akwatunanta biyu. Ki kwashe kayan aikin Baba ki share, in ba ki share ba ni zan share. Ba sai kin gaishe ta ba, ba sai kin dafa mata ba, Antinki za ta riƙa aikowa. In kin ga dama ki tara maƙwabta su tsaya a ƙofa su harɗe hannu, ki tsaya a gabansu da takarda.

Ina sonki, ke kaɗai gare ni. Amma ranar Asabar ina tafe.

Yayanki

24 ga Mayu

Yaya,

Sallama. Wasiƙarka ta same ni ranar Talata. Ranar Laraba na ɗauko leburori biyu muka cire ƙofar ɗakin kusurwa da tagarsa, muka kwashe kwanon rufin kaf. Ni na fara hawa, da gudumar Baba. Na ce ka zo ka sa ta a rabonka ta kwana tana kallon sama.

Da kwanon ya tashi sai katakon rufin ya bayyana. Ka san yadda Baba yake yi, in ya yanka katako a ƙasa sai ya rubuta sunan ɗakin da fensir a jikin kowanne kafin a miƙa masa sama, don kada a haɗa na falo da na kicin. Waɗannan guda goma sha ɗaya ne. Kowanne ya rubuta "ɗakin ƙanwata". A na tsakiya ya sa shekara, shekarar da Umma ta rasu ce.

Na sallami leburorin. Jiya an yi ruwa, ɗakin ya cika, ban iya yin komai ba sai leda da na rufa wa katakon. Kwanon ya lanƙwashe wajen cirewa, ba zai koma ba.

Ban yafe mata ba, kada ka ɗauka na yafe. Shi ma Baba yau haushinsa nake ji. Ka riƙe ta a wurinka kwana biyu ko da a falo ne. Ranar Asabar ka zo kai kaɗai, ka taho da dogon tsaninka. Abin da na gani a jikin katakon nan kuwa, kada ka kuskura ka gaya mata. Ba na so ta ji daɗi.

Ka gaida Anti.

Ƙanwarka